Ni da Ɗan Farina a Ƙasar Ƙanƙara

Na je ƙasar nan da suke kira Aislan ne da nufi ɗaya: in ɗauko ɗana in dawo da shi ya cika a gida. Ban je kallo ba. Ƙanwarsa Hauwa ce ta zo min da maganar a ɗakina a Azare, ta ce ciwon daji ne a hanta, likitocin can sun ce sun yi iyakar yinsu. Na ce to, tunda sun gama nasu, sai su ba ni abina. Ubansa yana kwance a maƙabartar Katagum, kuma ƙasa ba ta ƙare a gefensa ba.

Shi ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa a nan zan fara ba. Ranar da aka yaye shi goggonsa ta goya shi zuwa Jama'are, can ya tashi. In ya zo hutu Adda yake ce min, yadda ƙannena ke kirana. Magana tsakaninmu kullum da ɗan aike. Yana zaune a tsakar gida zan ce wa Hauwa, "Ki gaya wa yayanki tuwo na rumfa." Haka na taras a gidanmu, haka na yi. Da ya girma ya tafi karatun kifi, wai. Na ce masuntan kogin Jama'are wane malami ya koyar da su? Ya dai tafi, ya yi aure can, ya haifi biyu, furfura ta same shi can.

A filin jirginsu na fara ganinsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wuyan riga ya yi masa yawa, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Turawa, da zai miƙe sai da ya dafa akwatina. Na kalli wani wajen.

Matarsa 'yar ƙasar ce, Sigga, doguwa, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ina shiga gidan ta kama hannun rigar sanyin da na saya a wajen 'yan gwanjo, ta murza, ta girgiza kai. Mai gwanjon nan ya rantse min daga ƙasar ma aka kawo ta, alhali iska na ratsa ta kamar kwando. Allah ya isa ban yi masa ba, amma na san rumfarsa. Sigga ta cire ta, ta zura min wata ta gashin tumaki da uwarta ta saƙa, mai kaushi, tana warin garke. Warin nan ne abu na farko da na gane a ƙasar.

Ban daɗe da sauka ba ya ce, yana kallon bango, "Ana so a zagaya da Adda ta ga gari." Sigga ta yi ta faɗa da yarensu har da hawaye. Ba sai an fassara min ba: mutumin da ke hawa bene da hutawa ne zai tuƙa mota kwana da kwanaki. Ita ba za ta bar yara da aiki ba. Ni kuwa na yarda, don na lissafa cewa a hanya, ba mata ba 'ya'ya, zan faɗi abin da ya kawo ni. Abin da ban lissafa ba shi ne babu Hauwa a motar.

Mun fita daga birni shiru. Can sai wata mace ta yi magana daga wayarsa da ya maƙala a gaban mota. Na tambayi gilashi ko wace ce. Ya amsa wa sitiyari cewa mai nuna hanya ce, ba mutum ba ce. Na ce ko ma mece ce, ta samu aiki.

"Baiwar Allah, ki gaya wa mai mota ya rage gudu. Ba kura ke bin mu ba."

Ya yi dariya har da tari. "A gaya wa Adda titin nan ba rami. Ba hanyar Itas ba ce."

"A gaya masa ramin da nake gani ba ya ba ni tsoro."

Haka muka samu bakin magana.

Ƙasar kuwa ban san da me zan kwatanta muku ita ba. Ku ɗauki ƙanzon tukunyar da aka manta a kan wuta, baƙi, ya tsattsage, ku shimfiɗa shi daga Azare har Yana, sannan gansakuka ta rufe shi. Ba kuka, ba tsamiya, ba ko tumfafiya. In mutum ya gaji babu inuwar da zai zauna. Ya ce duwatsun nan aman wuta ne, daga cikin ƙasa suka fito suna gudu kamar kunu, suka sandare. Na yi ta neman gona ban gani ba. Na ce a raina, mutanen nan me suka yi wa Allah, ko kuwa me suka gudo wa.

Zango na farko wani fili ne da ƙasa ke tafasa da kanta. Tururi ta ko'ina, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Jama'a sun yi da'ira sun ɗaga wayoyi, can sai ruwa ya yi tsiri sama ya fi hasumiyar masallaci, suka hau tafi. Ni ban tafa ba. Tafin ƙafata na jin ɗumi ta cikin takalmi, ina tunanin a irin wannan ƙasa za a haƙa wa musulmi rami. Na ce, ina kallon tururin, "Ƙasar da wuta ke ƙarƙashinta ba ta kwanciyar mutum ba ce." Ya ji. Ya gyara hularsa ya ce a zo a tafi, iska ta taso.

Daga nan sai ruwa. Ruwa na zubowa daga kan duwatsu, fari fat, wani siriri kamar zare, wani faɗinsa ya fi kasuwa, ƙararsa na shiga ƙirji. Ba mai ɗiba, ba mai wanki, ba saniya ɗaya a bakinsa. Na tuna layin jarkoki a famfon unguwarmu da bazara. Duk inda ruwa ya zubo sai ya tsayar da mota, ya ce Adda ta yi gaba, zai kulle mota ya biyo. Na farko na tafi. Na biyu na tafi. Na uku na ce wace irin mota ce ba ta kulluwa, na waiwaya. Yana durƙushe a bayan motar ya riƙe taya, yana amai.

Na tsaya ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya. In na je, ya san na gani. In ban je ba, ni na haife shi. Wata tsohuwar Baturiya mai sanduna biyu tana tahowa, ta dube ni, ta dubi inda nake kallo. Ta saƙala hannunta a nawa ta juya ni muka fuskanci ruwan, muka tsaya feshi na dukanmu, har ya iso yana goge baki ya ce, "An ga ikon Allah?" Ta saki hannuna ta wuce. Ban san sunanta ba, ban san addininta ba, amma wadda ta haife ta ta yi tarbiyya.

Muka sauka a gidan wasu makiyaya da ke ba matafiya ɗaki. Tumakinsu gajeru ne, gashi har ƙasa, ba mai kora, suna yawo a kan duwatsu kamar ba su da ubangida. Na shiga kewaye na murɗa famfon ruwan zafi zan yi alwala, sai warin ƙwan nan ya buge ni. Na rufe. Tun ina yarinya na san ruwan da ya sauya wari ba a tsarki da shi. Ya ji motsina, ya ce ta bayan ƙofa, "A gaya wa Adda malamai sun ce in daga ƙasa warin ya fito, ruwan na da tsarki."

"A gaya wa malaman su zo su yi da shi."

Na yi da na sanyi. Ruwan nan yanka yake kamar aska, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa a kan carbi.

Sai kuma rana. Ya duba waya ya ce magariba ta yi, alhali ga rana ƙiri-ƙiri a kan dutse. Na ce ban taɓa sallar magariba da inuwata a gabana ba, zan jira. Na zauna a bakin taga. Ranar nan ta sauko ta yi ta rakuɓe-rakuɓe a gefen dutse kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ta ƙi faɗuwa. Barci ya sace ni a zaune. Da na farka ta koma sama. Tun da aka kai ni ɗakin miji magariba ba ta taɓa kuɓuce min ba sai a ƙasar nan. Na rama, na zauna a kan sallaya, na ji ina kewar ladanin unguwarmu, wanda kullum nake cewa ya tsufa, rabin kiransa tari ne.

Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda yara ke yawo da ita a buhu da azumi, a fasa maka ɗan ɓari ka jefa a kunun zaƙi. Washegari sai ga ta dutse guda, daga wannan gefen sama zuwa wancan, ta sauko tsakanin duwatsu kamar harshen saniya. A gindinta akwai tafki, gutsattsarinta na yawo a ciki, wani kamar ɗaki, wani kamar rumbu, shuɗi-shuɗi. Ya zauna a kan wani dutse yana haki. Wayar na cikin mota. Na duba hagu na duba dama, babu wanda zan aika.

Na ce, fuskata na ga ƙanƙarar, "Na zo tafiya da kai ne."

Ban tuna ranar da na taɓa ce masa kai ba. Shi ma na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Na sani, Adda."

"To ka haɗa kayanka. Gefen ubanka akwai wuri."

Ya dubi tafkin. Sannan ya ce jirgi ba zai kai shi ba, ko ya kai shi, allurar da ke sa shi barci a nan har gida ake zuwa a yi masa. Na ce wannan ba magana ba ce, mutanenmu da ke mutuwa ba allura ba su fasa mutuwa ba. Sai ya ce, "Adda, tun da aka kai Baffa, kin taɓa ganin kabarinsa?"

Ya san amsar. Mata ba sa zuwa maƙabarta a wajenmu. Daga zaure na rabu da ubansa, ban san ko gabas yake da hanya ko yamma ba.

"In aka kai ni Katagum, ke ba za ki je ba, Hauwa ba za ta je ba. Yarana kuma ba su da inda za su tsaya su ce ga ubansu. Nan suna iya zuwa da keke."

Na ji maganar ta shige ni, sai na yi fushi. Na ce, "Wa zai yi maka wanka? Da ruwan ƙwai? Wa zai tsaya a kanka? Ranar ubanka sahu sai da ya kai bakin titi."

"Can za mu," ya ce. "Akwai wani mutum. Ina so Adda ta gan shi da idonta."

Ashe zagayen ke nan. Ba ƙasa ya fito nuna min ba.

Tsakanin ƙanƙarar da garin mutumin akwai wani fili na baƙin rairayi, ba gida, ba tunkiya, teku a dama, duwatsu a hagu. A nan iska ta same mu. Tana ɗibar rairayin tana watsa wa mota kamar ana sheƙe tsakuwa a faranti, motar na tangaɗi. Na lura hannunsa na zamewa daga sitiyari, gumi na bin wuyansa cikin wannan sanyi. Ya gangara gefe ya kashe mota, ya kifa kai. Haƙoransa na haɗuwa ina ji.

Tsoron da na ji a nan ban ji shi ba ko a jifan Shaiɗan da aka danne ni. Ban iya mota ba, ban iya yarensu ba, ban san abin da ake dannawa a wayar ba. In ya cika a nan, ni da shi da iska ne.

Tun da safe kafin mu taso na dama kunun tsamiya da garin geron da na taho da shi, na zuba a fulas. Na fita, iska ta kusa ɗauke ni, na zagaya na janyo shi zuwa kujerar baya. Mutum mai tsawon ubansa, amma ban ji nauyi ba. Na tallafo kansa na ba shi kunun da murfin fulas, kurɓi-kurɓi. Ya sha kaɗan ya ce, "Tsamiyar gida." Sannan kansa ya gangaro kan cinyata ya yi barci.

Rabon da in taɓa shi tun ranar yaye. Na sa tafin hannuna a kansa. Ashe makwarkwaɗarsa biyu ce irin ta babana, ban sani ba sai ran nan. Na yi ta karanta abin da na iya, ƙafata ta mutu ban motsa ba. Da ya farka ya ga inda yake, ya tashi da sauri ya koma gaba, na gyara mayafina. Iska ta lafa, ya ja motar a hankali kamar mai jan amalanke.

Garin ƙarami ne a bakin teku, duk ƙarnin kifi. Nan ya fara aiki lokacin da ya zo ƙasar. Mutumin ya fito tarbarmu da takalmin roba har gwiwa, baƙi siriri, mai farin gemu. Ina ganin hancinsa na san namu ne, Fulani. Malam Mamadu, Bafulatanin Gini, shekara da shekaru yana yankan kifi a kamfani. Na jefa masa gaisuwa da Fulatanci, ya tsaya cak, sannan ya amsa da jam, wato lafiya, idonsa ya kawo ruwa. Fulatancinsa ya karkace, nawa ma a kunnensa haka, amma in an bi a hankali ana haɗuwa. Ya shimfiɗa wa yaron a ɗaki, ni da shi muka zauna a kicin.

Ban yi kwana-kwana ba. "An ce kai ne mai wanka."

"Ni ne, Inna. In musulmi ya rasu a ƙasar nan, ko ina ne, ana kirana. Mu uku ne."

"Wa ya koya maka?"

"Babana. Shi ke wanke mutanen ƙauyenmu."

Na ce ya faɗa min yadda yake yi, daga farko. Ya faɗa, bai tsallake ba, bai yi gaggawa ba: tsarki, alwala, dama kafin hagu, turare a ƙarshe. Na ce magarya fa? Ya ce, "Inna, kin ga bishiya a hanya?" Sabulu suke sawa. Na ce ruwa fa, wannan mai warin? Ya yi murmushi ya ce shi ma da ya zo sai da ya shekara bai yarda da shi ba. Na ce ban tambaye shi tarihinsa ba. Ya ce to, zai ɗebi na sanyi ya dafa a tukunya da hannunsa, ya yi min alkawari.

Sauran bai ɓoye min ba. Akwai gefen musulmi a maƙabartar babban birni. Inji ne ke haƙa ramin. A cikin akwati suke sa mutum, haka ake yi a nan, amma suna kwantar da shi a kan damansa, su zuba ƙasa a ciki, fuska ga alƙibla. Sahu kuwa, in an yi sa'a ranar hutu ce, biyu ko uku. Kowace amsa sai na ji kamar ana cire min haƙori. Amma mutumin bai yi min ƙarya ko sau ɗaya don in ji daɗi ba, kuma na lura da hannunsa da yake zuba min shayi: ba ya rawa, ba ya garaje.

Na ce, "Da me kuke suturta su?"

Ya sunkuyar da kai. "Farin zanen gado, Inna. Sabo dai, daga kanti. Mu yayyanka."

Na tashi na je mota na buɗe jakata. A can ƙasa akwai likkafanina. Na saye shi a Makka shekarar da na sauke farali, na wanke shi da zamzam na shanya a kan rufin masaukinmu, kuma tun daga nan ko Bauchi za ni yana cikin kayana, don tsohuwa ba ta san inda za a kira ta ba. Na kawo na ajiye a kan teburin Malam Mamadu. Na ce na mace ne, ya fi na namiji yawa, amma yaron dogo ne, ya auna da kyau kafin ya sa almakashi.

Ya sa hannu biyu ya ɗauka. Sai na ji motsi a bayana. Yana tsaye a bakin ƙofa ya dafa bango, ban san tun yaushe ba.

"Adda, ke fa?"

"A Azare ba a rasa farin yadi."

Ya sulale ya durƙusa a nan bakin ƙofar, ya ce in yafe masa. Na ce bai yi min komai ba, na yafe duniya da lahira, ya tashi ƙasa da sanyi.

Ni kaɗai na dawo. Ana cikin yankan gero Hauwa ta shigo da waya a hannu, tun daga tafiyarta na gane. Aka yi zaman makoki a ƙofar gida ba gawa, mutanen Katagum da na Jama'are suka zo suka koma. Da yamma Malam Mamadu ya kira. Ya ce ya dafa ruwan kamar yadda ya ce. Ya ce sahu uku, ga matarsa da yaran da mutanen kamfanin kifi a tsaye can baya cikin iska har aka gama.

Na ce, "Likkafanin ya isa?"

"Ya isa, Inna, har ƙyalle ya ragu. Matarsa ta roƙa, na ba ta."

Na ce ya kyauta.

Bayan arba'in Hauwa ta je kasuwa ta yanko min wani. Bai ga Makka ba, bai sha zamzam ba. Na ninke shi na sa a ƙasan jaka. Allah ya ji ƙan wanda ya riga mu, ya sa ƙasar da ta karɓe shi ta yi masa sanyi daidai.